Takarda ce ta hana ni zuwa Accra, ba rashin uwa a gindin murhu ba

Zuwa ga 'yan uwa ɗaliban mastas da na PhD a nan Keffi. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku daure ku kai ƙarshe, musamman ku da kuka shigo bana.

Watannin baya na tura taƙaitaccen bayanin bincikena zuwa wani taron masana da za a yi a Accra. Suka karɓa. A cikin saƙon suka ce akwai tallafin tafiya ga ɗalibai, tikitin jirgi da masauki, amma a tura takardu cikin kwana 10. Daren nan ban runtsa ba don murna, har na kira Hajiyarmu na ce mata ɗanta zai hau jirgi. To ban je ba. Kuma tsakanina da Allah babu wanda ya yi min ƙafar ungulu.

Ga abin da ya faru. Na ɗauko fasfo ɗina, ashe ya mutu tun bara ban kula ba. Na je sabuntawa, aka ce sai bayanan sun yi daidai da na NIN. A nan aka yi ta: sunan mahaifina a takardar digirina Muhammad ne, a NIN Mohammed, a banki kuma Muhammed. Mutum ɗaya, rubutu uku. Sau uku ina tashi daga Angwan Lambu da asuba, in sha go-silo daga Mararaba har Nyanya, in dawo hannu rabbana. Wasiƙar sufabaiza kuwa sai da ya rage kwana biyu na tuna da ita, lokacin Malam ya yi tafiya. Laifin wa? Nawa ne. Wa'adi ya cika ina riƙe da rabin takardu.

Abin da ya sa na yi rubutun nan shi ne maganar da abokai suka riƙa yi min ta jaje: “Ai ka san ƙasar nan, sai kana da hanya.” Ban ce babu sanayya a Najeriya ba, akwai ta. Amma mun mayar da wannan magana bargon rufe sakacinmu. Mutanen da suka shirya taron nan ba su san ni ba, ba su san ubana ba, aikina suka karanta suka ce in zo. Sun buɗe ƙofa, ni ne na iso ba takalmi. Ra'ayina shi ne, neman tallafin zuwa taro ba ranar da aka fitar da sanarwa yake farawa ba. Ranar da ka gama rajistar mastas yake farawa.

Ga abubuwan da kusan duk mai ba da irin wannan tallafi yake tambaya, kamar yadda na koya da wuya.

Na ɗaya, wasiƙar da ke nuna an karɓi aikinka, da sunanka da taken takardarka a ciki. Idan imel kawai suka turo, ka roƙi su ba ka a takarda mai tambarinsu.

Na biyu, shaidar cewa kai ɗalibi ne a yanzu, ba bara ba: takardar shiga, rasit ɗin rajistar wannan zangon, da katin shaida. Wanda bai kammala biyan kuɗin makaranta ba, a nan yake maƙalewa.

Na uku, wasiƙar sufabaiza ko shugaban sashe, da sa hannu da hatimi. Ka ba Malam aƙalla sati biyu, ka kai masa bayanin taron da taƙaitaccen aikinka, kada ya zauna yana lalube. Malamanmu suna duba ɗalibai da yawa, ba kai kaɗai ba ne.

Na huɗu, kasafin kuɗi na gaskiya: tikiti, masauki, kuɗin rajistar taro, biza in akwai. Kowane adadi ya zo da shaidarsa. Kada ka ƙara sifiri don wai ka samu na cefane, masu dubawa sun fi ka sanin kuɗin jirgi.

Na biyar, fasfo. Ƙasashe da yawa suna son ya kasance da sauran wata shida kafin ya mutu. Ghana ba ta neman biza a wajenmu saboda ECOWAS, amma tana neman katin rigakafin cutar shawara, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. In Turai ce ta Schengen, akwai inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, ga jiran ranar ganawa.

Na shida, wanda ba a cika faɗa mana ba: tallafi da yawa ba a hannu ake ba ka kafin tafiya ba. Kai za ka kashe, ka dawo ka kawo shaida a biya ka. Don haka rasit na otal, katin shiga jirgi, takardar shaidar halarta, duk ka adana su kamar takardar gado.

Sai gargaɗi biyu. Kuɗin halartar taro na TETFund na ma'aikatan manyan makarantu ne, ta hannun makarantarsu suke nema. In kai ba ma'aikaci ba ne, kada ka zauna jiran sa, ka duba tallafin masu shirya taron da na ƙungiyoyin masana na fanninka. Sannan akwai tarukan bogi. Duk taron da ya karɓi aikinka cikin awa ɗaya, ya haɗa likitanci da adabi da injiniyanci a zaure guda, kuma babu abin da yake tambaya sai Dala, ka guje shi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Tun daga Satumbar 2025 ƙaramin fasfo mai shafi 32 ya koma Naira 100,000. Ɗalibin da ke koyarwa a firamare mai zaman kanta a Masaka, yana haɗa kuɗin makaranta da na haya da na mota, ta yaya za ka ce ya yi fasfo don tafiyar da ba tabbas? Ban ce kowa ya ci bashi ba. Amma gyara rubutun suna, rubuta CV, ɗaukar hoton takardunka ka tara su wuri guda a waya da imel, waɗannan ba su kai kuɗin fasfo ba, lokaci suka fi ci. Kuma ba dole sai waje ba. Ana taruka a Zariya, Kano, Jos, ga Abuja a bakin ƙofarmu. Wanda ya taɓa tsayawa gaban malamai a gida ya kare aikinsa, takardar nemansa ta waje ta fi nauyi.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai da malamanmu: a ranar wayar da kan sababbin ɗalibai, a ware ko minti 30 ne a yi wannan bayani, a raba shafi ɗaya mai jerin takardun. Waɗanda suka taɓa zuwa su zo su nuna mana irin wasiƙun da suka tura. Wasunmu su ne na farko a gidansu da suka kai wannan mataki, babu yaya ko kawun da zai nuna musu.

Ni dai yanzu sunan Baba ya zama iri ɗaya a ko'ina, fasfo yana hannu, katin allura yana cikinsa. Hajiya har yau in na kira sai ta ce, “Yaushe ne jirgin?” Nakan ce mata in sha Allahu na gaba ba zai bar ni ba.

Kai da kake karantawa, yau da daddare ka fito da takardar digirinka da NIN da katin banki, ka jera su a kan katifa, ka duba sunan harafi bayan harafi. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.