Rijiya ta bayar, guga ya hana

A wasu ƙauyukan gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, tankunan ruwa na tsaye a bushe, alhali ruwa na nan ƙarƙashin ƙasa. Sau da yawa abin da ya mutu shi ne ɗan akwatin lantarki mai sarrafa fanfo, wanda ke tada injin, ya kuma tsayar da shi in tanki ya cika.

Masana'antu kan daina ƙera irin waɗannan na'urori: kamfanin Siemens na Jamus, alal misali, ya sanar a 2023 cewa zai janye samfurinsa S7-300. Daga nan sai masu gyara su bazama kasuwannin Kano neman tsoffin kaya, hanyar da ta toshe lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta a 2019, ta sake toshewa da takunkumin CEDEAO na 2023.

Alhakin yana wuyan masu sa hannu a kwangila. Wajibi ne hukumomin gundumomi da ma'aikatar ruwa su ƙi karɓar duk injin da bai zo da kayan gyara na shekara 10 ba, su kuma tilasta wa ɗan kwangila horar da samarin yankin. In ba haka ba, mahukunta su yanke ƙyalle su wuce, mata su koma jan guga.