Waiwaye: Tsofaffin Jiragenmu da Yaran Ƙanƙara

Ranar 1 ga Nuwamban 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano, zamanin Sarki Usman ɗan Abdullahi. Sun taso ne daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Cadi suna yada zango, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Samfurin jiragen DH.9A ne. Da katako aka haɗa gangar jikinsu, aka lulluɓe da yadi mai ƙarfi, fukafukai biyu sama da ƙasa an ɗaure su da waya, sai inji ɗaya mai ƙarfin doki 400 yana juya farfela a goshi. Mutum biyu kowane jirgi yake ɗauka, kawunansu a waje iska tana dukansu. Babu filin jirgi a lokacin, shi ya sa suka nufi inda dawaki suke gudu, jama'a kuwa suka yi dafifi don ganin abin da ba a taɓa gani ba. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya, kuma a 2025 ya cika shekara 100.

Abin da ya biyo baya ya mai da Kano mararrabar sararin samaniya. Jiragen wancan zamani ba sa iya doguwar tafiya ba tare da shan mai ba, don haka wanda ya keto hamada dole ya sauka. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zuwa daga Khartoum. Lokacin yaƙin Hitila, Ingilishi suka riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta teku zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri har Masar. Sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Kamfanin KLM ya fara sauka Kano a 1947, aka kafa Nigeria Airways a 1958, tafiyar Makka da kakanninmu suke shekaru suna yi a ƙasa ta koma ta sa'o'i. Har jirgin DC-10 na ƙarshe da aka ƙera a duniya, na 446, Nigeria Airways aka miƙa wa a 1989.

To ina waɗannan jirage suke yau, a ina mutum zai kai ɗansa ya nuna masa?

A ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci, akwai jama'a guda da ba su da abin sha'awa kamar tsohon jirgi. A Old Warden, wani ƙauye a Ingila, akwai tarin jirage da Richard Shuttleworth ya fara tarawa a 1928. Cikinsu akwai Blériot ƙirar 1909, wanda ya fi kowane jirgi da ke iya tashi a duniya tsufa. Ba a fito da shi sai iska ta kwanta, kuma ɗan tashi kaɗan yake yi a kan filin ciyawa ya sauka, amma mutane kan yini suna jiran wannan ɗan lokaci. Sukan zo da kujerun naɗewa da abincinsu da kyamarori masu dogon baki, wasu da littafin da suke rubuta lambar kowane jirgi. Akwai tsofaffin da ke gane samfurin jirgi daga ƙarar injinsa tun bai bayyana ba. In an tashi sai a zauna ana kwatanta hotuna, ana muhawarar wa ya kama farfela tana juyawa, wa ya kama hasken yamma a jikin fiffike. A Oshkosh ta jihar Wisconsin a Amurka, taron da ake yi duk ƙarshen Yuli yakan tara jirage sama da 10,000 da 'yan kallo fiye da 600,000 cikin mako guda. A nan Afirka ma, gidan tarihin sojan saman Afirka ta Kudu da ke Swartkop kusa da Pretoria yana tashin tsofaffin jiragensa jama'a su kalla. Abin da ya fi burge ni shi ne yawancin aikin gyara da goge-goge 'yan sa-kai ne suke yi, tsofaffin makanikai da matuƙa da suka yi ritaya, suna aiki yara na tsaye suna tambaya.

Irin jirgin da ya sauka Kano ma akwai ɗaya da ya rage, yana gidan tarihin sojan sama a Hendon, cikin Landan. Labarinsa abin a tsaya a kai ne. Jamusawa ne suka kama shi a 1918, maimakon su ƙone shi sai suka ajiye a gidan tarihi a Berlin. Yaƙin Hitila ya kai shi ƙasar Poland, ya zauna a Krakow shekaru, sai a 1977 Ingilishi suka ba da jirgin Spitfire aka ba su shi, suka gyara. Hannu uku ya bi, biyu daga ciki na abokan gaba ne a lokacin, duk da haka kowa ya ga darajar adana shi.

Mu kuwa, a farkon 2013 hukumar kula da filayen jiragen sama ta fara yanyanka matattun jiragen da aka yasar a gefen filaye, waɗanda aka ƙiyasta sun haura 60 a faɗin ƙasa. Hukumar tana da hujja, domin tarkace a gefen titin jirgi haɗari ne, kuma maɓoya ce ga ɓarayi da namun daji. Abin da ya dame ni shi ne ba a tsaya an ware ba, a ce wannan da wancan tarihi ne, a ja su gefe. Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, kamfanoni da dama sun biyo bayansa, kuma akasarin jiragen da suka kai iyayenmu aikin hajji a hannun 'yan gwangwan suka ƙare, aka auna su a sikeli. Abin da muka adana da gaske na yaƙi ne: MiG-17 da Ilyushin da ƙananan jiragen Biyafara a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, sai 'yan waɗanda aka kafe a ƙofar sansanonin soja, inda farar hula ba ya tsayawa da kyamara.

Wannan ya kawo ni gida. Mu da muka tashi a kudancin Katsina, in jirgi ya gifta can ƙololuwa ya bar farin layi, yara kan bar wasa su bi shi a guje suna ɗaga hannu, kowa yana cewa na alhazai ne. Bayan kaka, in an yi girbi, sai a zauna da karan dawa a feƙe shi, a sossoke ɓargonsa, a ƙera jirgi mai fukafukai har da farfela. Yaron da aka haifa a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa cikin shekarun nan wani abu daban ya sani. Shi jirgi a wurinsa ƙara ce mai tsaga sama ta nufi daji, ko mai saukar ungulu yana shawagi bayan an kai hari. Iyaye mata kan tattara yara su shige ɗaki. Daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, kuma a 2021 aka katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi tare da wasu maƙwabtansu, aka rufe kasuwannin dabbobi. Ba na raina aikin matuƙan da suke sa ransu a haɗari don kare mu, Allah Ya saka musu. Amma an yi tsara guda da ba ta taɓa kallon jirgi da ido na sha'awa ba, kuma cikinta ne muke sa ran samun injiniyoyi.

Na san za a ce mutumin da bai iya zuwa gonarsa ba, ina ruwansa da tsohon jirgi. Gaskiya ne, tsaro da abinci su ne gaba, ba kuwa ina cewa a ɗebi kuɗin asibiti a yi biki ba. Sai dai mu ba baƙin wannan ɗabi'a ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah a Katsina ya ga yadda muke adana sulke da lifidi da tsohon sirdi, muna ciyar da doki shekara guda saboda fitar yini ɗaya, masu hoto suna rububin wurin tsayawa, kuma a nan yaro yake fara son doki. Ido ne yake fara koyo kafin allo. A 2007 wani ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda da tarkacen wani mataccen jirgi, har ya ɗaga daga ƙasa, labarinsa ya zaga duniya. A bola ya samo abin da ya kamata a ce ya tarar a gidan tarihi, da wanda zai yi masa bayani.

Kuma ba a makara ba. Kamfanin Boeing ya miƙa 747 na ƙarshe a Janairun 2023, ke nan waɗanda kamfanonin Arewa irin su Kabo da Max Air suka yi jigilar alhazai da su sun kama hanyar zama kayan tarihi. Max Air na ɗan Katsina ne, Alhaji Ɗahiru Mangal, kuma filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa ba ya rasa fili. Jirgi ɗaya da ya gama aiki, a ajiye shi da kujerunsa da ɗakin matuƙi, a sa tsofaffin ma'aikata su riƙa zagayawa da 'yan makaranta, ya isa a fara. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta sauya jiragen koyo fiye da sau ɗaya. A Kaduna kuma aka harhaɗa Air Beetle, ɗan jirgin koyo mai kujera biyu, guda 60 saboda sojan sama, kafin Super Mushshak na Pakistan ya karɓe shi. Faɗin fukafukansa kimanin mita 7 ne kawai, in an kwance su tirela ɗaya za ta ɗauke shi.

Roƙona ga gwamnatin jiha da rundunar sojan sama shi ne su nemo uku daga cikin jiragen Air Beetle da suka daina tashi, a biyo da su ta Funtuwa, a sauke ɗaya a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ɗaya a Faskari, ɗaya a Sabuwa. A yi musu rumfa, a buɗe murfin injin, a ba malamin fiziks mabuɗi, a kuma bar duk mai waya ya ɗauki hoto yadda yake so.