Da Wane Kuɗi Tauraron Labarinka Ya Sayi Burodi?



Da an ambaci juyin juya halin Faransa, hankalinmu kan tafi ga fille kan Sarki Luwis na 16. Amma matar da ke layin burodi a 1791, canji ne damuwarta. Sulalla sun ɓuya, takardun kuɗin gwamnati kuma manya ne, ba a sayen gishiri da su, ba a sallamar lebura.

Sai garuruwa suka buɗe ofisoshin canji: ka miƙa babbar takarda, a ba ka ƙanana da aka buga a garin, ɗauke da sa hannun mutanen da ka sani. Sunansu ma "takardun amana". Inda aka buga fiye da abin da ke ajiye, ko na jabu suka shigo, talaka ne ya kwana ciki. A Nuwamban 1792 majalisa ta haramta su.

Mu kuwa a labarin tarihi sai mu rubuta "ya biya, ya tafi". Da wane kuɗi? Wa ya tsaya masa? Za a karɓa a gari na gaba? Rikicin da muke nema yana nan, mu daina tsallake shi.