ƘISSA MA MAGANI CE GA ZUKATAN YARANMU NA BAKIN IYAKA



Ya 'yan'uwa malamai da iyayen yara, akwai wani al'amari da muka daɗe muna gani a makarantunmu na ƙasar Bagudo, tun daga Kaoje da Zagga har Illo da Lolo da Tsamiya, amma muka kasa ba shi haƙƙinsa. Malami zai lura da yaron da a da shi ne kan gaba wajen hadda, yanzu kuwa ya zauna ya zuba wa bango ido. Zai lura da yarinyar da ko ƙarar babur ta ji sai ta zabura, da wanda ba ya rabuwa da faɗa alhali a da ba haka yake ba. Abin da muka saba yi shi ne mu ce yaro ya lalace, mu ɗauko bulala, ko mu aika a kira uban. Lalle ne mu tsaya mu tambayi kanmu abin da yaran nan suka gani da abin da suka ji kafin su iso gabanmu.

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 an rufe iyakokin ƙasar nan na tudu, aka kuma hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai gidaje da yawa da suka dogara ga fatauci tsakaninmu da Jamhuriyar Benin suka shiga ƙunci. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a faɗin Jihar Kebbi, mu da ke gaɓar Kwara muna cikin waɗanda abin ya shafa. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, waɗansu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka sake ɗauke 'yan mata 25 daga makarantar Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. A tsallaken iyaka kuma, a jihar Alibori ta Benin, an kashe sojoji da dama a hare-haren da aka kai a watannin Janairu da Afrilu na 2025. Yawuri da Maga suna da nisa da mu, amma wayar hannu ta kawo labarinsu har tsakar gidajenmu, manya suna maimaitawa, yara suna saurare, babu wanda ya juyo ya tambaye su abin da ke ransu. Ga kuma maraici da mutuwar aure da tafiyar uba ci-rani, waɗanda ba sa shiga rediyo amma suna cin zuciyar yaro.

Ra'ayinmu a nan shi ne, ya wajaba makarantunmu su ware lokaci na musamman domin karanta wa yara labarai da tattaunawa da su a kai, da nufin sauƙaƙa musu nauyin da suke ɗauke da shi. Dalili kuwa, yaro ba ya iya buɗe baki ya ce tsoro nake ji, ko ina kewar mahaifina. Kunya da tarbiyyarmu ba su bar shi ba. Amma idan aka ba shi labarin wani yaro da ya shiga irin halinsa, zai ga kansa a cikin labarin, ya yi kuka saboda wancan yaron alhali kukan nasa ne, sa'an nan ya ga yadda wancan ya yi haƙuri da dabara har ya fita. Likitocin ƙwaƙwalwa na Turai da Amurka sun yi rubuce-rubuce a kan wannan hanya tun farkon ƙarni na 20, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu wata mata mai suna Jella Lepman ta kafa ɗakin karatu na yara a birnin Munich na Jamus a 1949 domin yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita. A nan gida ma, ajujuwan da aka buɗe wa yaran 'yan gudun hijira a Arewa maso Gabas daga 2014 sun haɗa koyon karatu da koyon yadda ake danne fushi da zama da jama'a.

To amma mu ba sai mun je aro ba. Allah Ta'ala ya sanar da Manzonsa a ƙarshen Suratu Hudu cewa yana ba shi labaran manzanni ne domin ya ƙarfafa zuciyarsa. Malaman tafsiri da dama sun ambata cewa Suratu Yusuf ta sauka ne a matsayin lallashi, a zamanin da Annabi (SAW) ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib. Mu dubi abin da ke cikin surar da idon yaro. Yaro ne ƙarami da 'yan'uwansa suka yi masa hassada, aka raba shi da mahaifinsa, aka jefa shi rijiya, aka sayar da shi a wata ƙasa, aka yi masa ƙazafi, aka ɗaure shi. Ga kuma uba, Annabi ne guda, yana kuka har ganinsa ya tafi, Allah kuwa bai zarge shi a kan kukan ba. Shekara nawa muka yi muna sa yara su haddace ayoyi 111 na wannan sura, ba tare da mun zauna da su mun tambaye su yadda suke jin Annabi Yusufu ya ji a cikin rijiyar ba? Haka nan an ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana yi wa ƙaninsa Abu Umairu raha game da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, ya kuma tambaye shi labarin tsuntsun da ya ga yana baƙin cikin mutuwarsa. Shugaban halitta bai raina baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ba, balle na yaron da ya rasa uba.

Mun san waɗansu 'yan'uwa za su ce sun yarda da ƙissoshin Annabawa, amma ƙagaggen labari ƙarya ne, kuma mun sha yin wa'azi a kan littattafan soyayya da suka cika kasuwa. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, domin akwai littattafan da ba mu yarda su shiga hannun 'ya'yanmu ba, kuma ba mu janye ba. Sai dai ƙaryar da shari'a ta hana ita ce wadda ake yaudarar mai sauraro da ita, mafi muninta wadda ake jingina wa Allah da Manzonsa. Labarin da mai faɗa da mai ji duk suka san misali ne, hukuncinsa yana bin abin da ke cikinsa. Ai malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri, alhali Abu Zaidi na cikinta ƙagagge ne. Kuskuren da muka yi shi ne mun hana mummuna ba mu kawo kyakkyawa ba, sai yara suka koma wa waya, inda babu mai tace musu komai.

A Hausa ma muna da abin farawa. Littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta Zariya ta 1933, labari ne na yaron da aka sace, ya faɗa hannun wani Balarabe da ya ƙetare Sahara da shi ya ba shi ilimi, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita, ta gan shi, ba ta daɗe ba ta rasu. Abin da ya sa muke ganin darajarsa shi ne bai yi wa yaro alkawarin ƙarya ba. Abin da aka rasa an rasa, amma rayuwa ba ta ƙare ba. Cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuma malami mai hankali zai tsinci labaran da za su sa yaro dariya, dariya kuwa ga yaron da ya daɗe bai yi ta ba babbar riba ce. Kada mu manta ƙasarmu ta Gwandu ce, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi amfani da waƙoƙi cikin Hausa da Fulatanci wajen ilimantar da matan karkara ta hannun jajis bayan shekarun yaƙi, ta kuma rubuta marsiyyoyi na waɗanda ta rasa ba tare da ganin haka ya saɓa wa haƙuri ba.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin makarantunmu da su ware rabin sa'a a kowane mako. Malami ya ajiye bulala, ya karanta a hankali, ya riƙa tsayawa yana tambaya a kan yaron cikin labarin, kada ya nuna wani ɗalibi da yatsa ya ce kai ma haka ya same ka. Wanda ya so magana a saurare shi, wanda ya yi shiru a ƙyale shi, wanda ya yi kuka kada a bari a yi masa dariya. Abin da yaro ya faɗa wa malami a keɓe amana ce. 'Yan mata a ba su malama mace. Da yake yaranmu da yawa da Fulatanci ko Dandanci ko Busanci suka tashi, sai a bar su su maimaita labarin da harshen gidansu. Muna kuma kira ga masu alƙalami daga cikinmu da su rubuta gajerun labarai na yaron da ruwa ya ci gonar ubansa, da yarinyar da aka mayar da ita gidan kaka a Lolo bayan rabuwar iyayenta, a buga da boko da ajami, domin 'yan'uwanmu na tsallake Faransanci ake koya musu a makaranta, ajami ne ya haɗa mu da su.

Ba mu ce labari zai ƙosar da mai jin yunwa ko ya tsare makaranta daga 'yan bindiga ba. Wannan nauyi yana wuyan hukuma, kuma ba za mu gushe muna tunatar da ita ba. Yaron da ya daina barci ko cin abinci, ko yake maganar cutar da kansa, addu'a da asibiti ne haƙƙinsa, a kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Amma rabin sa'a da akwatin littattafai guda ba su fi ƙarfin kowace makarantarmu ba, kuma za a tambaye mu a kan kiwon da aka ba mu.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya sanyaya zukatan 'ya'yanmu, ya ba mu ikon sauke amanarsu.