Hunturu da Hanjin Kifi: A Auna Ruwa Kafin A Zuba Abinci

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, masu kiwon tarwaɗa a Kawaji da sauran unguwannin Kano sukan koka cewa kifinsu ya ƙi cin abinci. Wasu su zargi mai sayar da abincin, wasu su bazama neman magani. A ganina, kafin a yi ko ɗaya, zafin ruwan ya kamata a fara aunawa.

Jikin ɗan Adam yana riƙe da zafi kimanin digiri 37, ko da rani ko da damina. Kifi kuwa zafin jikinsa yana bin na ruwan da yake ciki ne. A bangon hanjinsa akwai tsoka hawa biyu: ɗaya ta kewaye hanjin kamar zobe, ɗaya ta miƙe bisa tsawonsa. Su ne ke matsewa suna sakewa bi da bi, suna tura abinci gaba. Tun 1884 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Holan, van 't Hoff, ya bayyana cewa ƙarin zafi na digiri 10 yakan ninka saurin aikin sinadarai sau biyu ko fiye. Ke nan, idan ruwa ya sauko daga digiri 28 zuwa 18, tsokar nan takan yi nawa, abinci ya daɗe a ciki bai narke ba, kifi kuma ba zai ji yunwa ba.

Tarwaɗa ta fi girma a tsakanin digiri 26 da 30. A daren Janairu kuwa sanyin iskar Kano yakan kai digiri 13, kuma ɗan tankin gida ya fi babban ruwa irin na Tiga saurin yin sanyi. Abincin da kifi ya bari ruɓewa yake yi, ya shanye iskar oksijin, ya saki gubar amoniya.

Wani zai ce rage abinci yana hana girma. To, amma abincin da hanji bai narkar ba, ta yaya zai zama nama? Asara ce kawai, ga kuma haɗari.

Saboda haka, a mallaki ma'aunin zafi, domin kuɗinsa bai kai na buhun abinci ba. A rage ciyarwa ranar sanyi, a ba da ita da rana bayan ruwa ya yi ɗumi, a rufe tanki da dare. Malaman makarantun sakandare kuma su sa ɗalibai su riƙa rubuta zafin ruwa da yawan abincin da kifi ya ci, daga Nuwamba zuwa Maris. Gani ya kori ji.