Rokar Da Ke Zuwa Ta Dawo: Ina Rabon Gwarzo Da Kabo?

Mutanen Kabo ba baƙin harkar jiragen sama ba ne. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, shi ne ya kafa kamfanin Kabo Air a 1980, ya raɗa masa sunan garinsu, jiragensa kuma suka yi shekara da shekaru suna jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda. Da a ce kowane jirgi in ya sauke alhazai sai a jefa shi cikin Bahar Maliya a sayo sabo, da ko babban attajiri ba zai iya biyan kuɗin kujera ba. To, kusan haka aka yi ta yi a harkar sararin samaniya tun 1957, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba kumbon Sputnik: roka takan yi tafiya ɗaya tak, sa'an nan ta ƙone ko ta faɗa cikin teku.

Amurka ta yi ƙoƙarin magance wannan asara da kumbon nan mai fikafikai da ake kira Space Shuttle, wanda ya fara tashi ran 12 ga Afrilu, 1981. An yi tafiya 135 da irinsa kafin a jingine shi a 2011, amma gyaransa bayan kowace tafiya ya ci kuɗi da lokaci fiye da yadda aka zata, ga kuma haɗarurruka biyu, a 1986 da 2003, waɗanda suka hallaka 'yan sama jannati 14.

Al'amarin ya canja ne a watan Disamba na 2015, sa'ad da gindin rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX ya dawo ya sauka a tsaye a Florida. Gindin nan shi ne mai injuna tara, shi ne kuma ya fi tsada. Yakan rabu da sauran jikin rokar bayan kamar minti biyu da rabi da tashi, ya juyo, ya sake kunna wasu injunansa don rage gudu, ya sauka a kan ƙafafu huɗu, ko a tudu ko a kan wani faffaɗan jirgin ruwa. A watan Maris na 2017 aka fara sake harba wanda ya riga ya yi tafiya, daga baya kuma aka sami waɗanda suka tashi fiye da sau 20. Wani lissafi na wani masanin hukumar NASA a 2018 ya nuna cewa kai kilo ɗaya sararin samaniya da Space Shuttle ya ci kimanin dala 54,500, amma da Falcon 9 bai kai dala 3,000 ba.

MAFARKIN ƘAURA ZUWA MARS

Wannan rahusa ce ta sa wasu ke zancen kafa mazauni a duniyar wata, har ma da duniyar Mars. Shugaban SpaceX, Elon Musk, ya sha faɗin cewa burinsa shi ne ya gina birni a can, don haka yake ƙera babbar rokar Starship, wadda a watan Oktoba na 2024 aka cafke gindinta da hannuwan hasumiyar da ta tashi daga gare ta. Amma fa zuwa da kai ya fi saƙo wuya a wannan fage. Tafiya Mars tana cin wata shida zuwa tara, iskar can ba ta shaƙuwa, sanyinta kuma yakan kai maki 60 ƙasa da sifiri a matsakaici. Duk wanda zai zauna can sai ya samar wa kansa iska da ruwa da abinci. Saboda haka zancen ƙaura yana da sauran tafiya mai nisa, ba shi ne kuma ya kamata ya ɗauke hankalin ma'aikaci ko ɗalibi a ƙasar nan ba.

Abin da ya shafi Gwarzo da Kabo yana kusa, watau taurarin ɗan Adam da ke kewaya duniya. Da hotunansu ne masana yanayi ke hasashen saukar damina da ɗaukewarta, abin da manomin dawa da masara a Getso ko Garo ke bukata kafin ya zuba iri. Da su ne ake iya auna yadda ruwan madatsar Guzuguzu ke ja da baya da rani, a gane gonakin da zaizayar ƙasa ke ci, a kuma sa ido kan dazuzzukan iyakar Kano da Katsina. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar JAMB, wadda aka mai da ita ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, shi ma yana bukatar intanet mai ƙarfi. Idan harba tauraro ya yi araha, duk waɗannan sai su zo kusa da talaka.

KANO TA DAƊE A HARKAR

Ba yau Kano ta fara shiga wannan labari ba. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma ran 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ke kewaya duniya, ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango guguwar ƙura a ƙasa. A watan Agusta na 1963 Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2. Sai dai a duka biyun Nijeriya masauki kawai ta bayar, kayan aikin na baƙi ne.

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, NigComSat-1 daga Sin a 2007, wanda ya lalace a 2008 har aka maye gurbinsa a watan Disamba na 2011. A wannan shekara ce kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyin ƙasar nan ne suka haɗa shi a Ingila. A watan Yuni na 2017 wani ɗan ƙaramin tauraro na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ya tashi a kan Falcon 9, gindin rokar kuma ya dawo ya sauka lafiya. Ke nan Nijeriya ta ɗanɗani sabuwar fasahar, amma a matsayin fasinja.

HAƊARIN ZAMAN FASINJA

Fasinja kuwa ba shi ke yanka kuɗin mota ba. A watan Janairu na 2023 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta sami intanet na Starlink, wanda ke aiki da dubban taurarin da Falcon 9 ta kai sama. A watan Oktoba na 2024 kamfanin ya ba da sanarwar ƙara kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, sai da hukumar sadarwa ta NCC ta ce ba da yardarta ba aka dakatar da ƙarin. Wannan ya isa ishara ga ƙasar da za ta jingina sadarwar makarantunta da asibitocinta ga kamfani guda na ƙetare.

Bugu da ƙari, Nijeriya da Ruwanda ne suka fara sa hannu daga Afirka kan yarjejeniyar Artemis ta binciken duniyar wata, a watan Disamba na 2022. Yarjejeniyar duniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar wata ko wata duniya, amma wanda ya riga isa shi zai fi ƙarfin murya ranar da za a tsara dokar haƙar ma'adinai a can.

Ba a ce Nijeriya ta yi gasar roka da Amurka ko Sin ba, ko da yake kusancin gaɓar tekunta da tsakiyar duniya, inda roka ke samun ƙarin gudu daga juyawar ƙasa, wata dama ce, akwai kuma cibiyar binciken roka a Epe ta Jihar Legas. Abin da ke hannu shi ne a sabunta taurarin 2011 waɗanda shekarunsu suka ja, a ba jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello kuɗin ƙera ƙananan taurari tun da kuɗin harbawa ya sauko, a kuma koya wa ma'aikatan gona na ƙananan hukumomi karanta hotunan da ake samu. Tushen duk wannan yana ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantun sakandare a Gwarzo da Kabo. Garin da sunansa ya taɓa tashi a jikin jirgin sama bai kamata 'ya'yansa su tsaya a ɗaga kai suna kallo ba.