Ganyen itace shi ke riƙe bisashe a bazara

Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa, haki a jihar Agadas ya zama kara, cika ciki kawai yake yi. Abin da ke riƙe raƙuma da awaki a lokacin yana bisa itace. Don haka nake ganin duk aikin kiwon lafiyar bisashe da bai sa itatuwa cikin lissafi ba ya bar rabin aikin.

Kandili, wanda Abzinawa ke kira afagag, ganyensa ƙanana ne ƙwarai, don kada rana da iska su zuƙe masa ruwa. Anza da jiga ganyensu mai kauri ne da tauri, shi ya sa suke kore ko da ƙasa ta tsage. Aduwa in ta zubar da ganye, ƙayarta da ƙananan rassanta kore ne, su ke ci gaba da ciyar da ita. Gawo kuwa nasa daban: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya tofo, saiwarsa na shan ruwa can ƙasa.

Wannan ɗanyen ganye shi ke ba dabba furotin da bitamin A da busasshen haki ba ya da su. In ta daɗe ba ta samu ba, sai dundumi, da ɓari, da ƴaƴa marasa ƙwari. Sai dai abin da ke kare ganye daga fari da bakin dabba yakan taɓa cikinta. Ganye da ƴaƴan bagaruwa na da ɗacin nan da majema ke jima da shi. Raƙumi da akuya na jurewa, tunkiya da saniya in ya yi yawa sai narkewar abinci ta ragu. Tumfafiya, duk kyan ganyenta, ruwanta guba ne, kuma yunwa ce ke kai dabba gare ta.

Abin da ke damuna shi ne sara. Makiyayi ya datse kan itace duka don garkensa ya ci yau, alhali itacen da ke samun ruwan wata biyu a shekara yana daɗewa kafin ya murmure. Ba na zarginsa, garkensa ke mutuwa. Amma mu masu allurar rigakafi mu ke haɗuwa da shi a bakin rijiya da Ingal lokacin taron gishiri. Nan ya kamata a yi maganar: a kaɗo ƴaƴa da sanda, a rage ƙananan rassa, a bar kan itace da tsiron da ke tasowa a gefen ƙoramar Telwa. Ƙungiyoyin da ke sayen dusa kowace shekara su ware wani abu don wannan.